Kwana Nawa Ake Yi Kafin Littafin Koyarwa Ya Fito?

Da wuya a sami ikkilisiyar da ba ta bukatar littafin koyarwa. Malaman makarantar Lahadi suna so a ba su darussa a jere. Zumuntar mata tana neman ɗan littafin da za ta riƙa bi a taronta na mako. Ga ajin masu shirin baftisma, ga kuma ajin karatun manya, inda iyayenmu suke koyon baƙi da wasali da tsufansu domin su karanta Maganar Allah da kansu. Sai kwamiti ya zauna, a dubi wanda ya fi kowa iya alƙalami, a ce masa, "Malam, ka rubuta mana. Mako biyu ai ya ishe ka." Shi kuwa saboda kunya da ladabi sai ya ce to.

Abin da yakan biyo baya duk mun san shi. Ko dai wata uku ya wuce ba a ga littafi ba, a fara gunaguni ana cewa malam ya yi ragwanci, ko kuwa malam ya hana kansa barci ya haɗa wani abu da gaggawa, a buga shi cike da kurakurai, yara su haddace kuskure, kuɗin baiko kuma ya tafi a banza. Wani lokaci har zumunci yakan ɓaci tsakanin 'yan'uwa a kan wannan. Laifin kuwa sau da yawa na tun ranar farko ne, gama ba wanda ya zauna ya ƙidaya aikin kafin a yanka masa rana.

A wannan wata muna so mu dubi wannan al'amari. Za mu fara daga cikin birnin Kano, domin Hausar da ke cikin yawancin littattafanmu daga can aka ɗauko ma'auninta, masu sana'ar birnin kuma sun daɗe da sanin yadda ake auna aiki.

Aikin da ido ba ya gani

Wanda ya je karofin Ƙofar Mata zai ga marini zaune a bakin rami, yana tsoma zane yana ɗagawa. In ya tsaya minti kaɗan ya wuce, sai ya ce rini ba wuya. Amma kafin wannan rana an zuba ruwa a ramin, an sa toka da katsi da baba, an bar su kwana da kwanaki ana motsawa har ruwan ya nuna. Zanen ma ba sau ɗaya ake tsoma shi ba. Ana tsomawa, a ɗaga ya sha iska, a mayar, har launin ya kama yadda ake so. Bayan ya bushe kuma sai a kai shi mabuga a buge shi ya yi sheƙi. In ka tambayi marini yaushe za ka zo karɓar kayanka, ba zai ƙidaya tsomawa kaɗai ba. Zai tuna da nunar rami, da rana ko hadari, da layin da ke wurin masu bugu.

Haka yake ga maƙwabtanmu Musulmi masu rubuta Alƙur'ani da hannu, sana'ar da aka san birnin Kano da ita tun da daɗewa. Alaramma yakan fiƙe alƙalami, ya dafa tawada, ya ja layi a takarda. Sai ya rubuta baƙi tukuna. Daga baya ya komo ya bi shafi shafi yana sa wasali da jar tawada. Sa'an nan a ba waɗansu masana su duba, kada a bar ko ɗigo ɗaya a inda bai kamata ba. Bayan haka ga zayyana, ga aikin baduku wanda zai ɗinka gafaka. Izu 60 ne, ba kuwa mai hankalin da zai je ya ce a gama masa kafin Juma'a mai zuwa.

Darasin da ke nan a fili yake. Zaman da marubuci yake yi da alƙalami a hannu kashi ɗaya ne kawai na aikin littafi. Akwai aikin da ke gabansa, akwai wanda ke bayansa, su ne kuwa suka fi cin lokaci.

Shekara 75 kafin Littafi Mai Tsarki ya cika

Bari mu dubi littafin da ya fi kowane daraja a gidajenmu. Wani Bajamushe mai aikin bishara, J. F. Schon, ya fara koyon Hausa a lokacin tafiyar kogin Kwara ta 1841. Daga baya ya sami taimakon wani saurayi Bahaushe mai suna Dorugu a Ingila. A 1857 aka buga Bisharar Matiyu da Hausa, a 1880 kuma Sabon Alkawari ya fito. Amma Schon bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, saboda haka waɗanda suka biyo bayansa suka ga lalle sai an je inda harshen yake a ji shi daga bakin masu shi.

Wannan ne ya kawo Charles Robinson birnin Kano a ƙarshen 1894. Ya zauna cikin ganuwa wajen wata uku yana tattara kalmomi da rubuce-rubucen ajami. Ƙamus ɗinsa bai fara fitowa ba sai 1899. Watau zaman wata uku ya haifi aikin shekara huɗu da ɗoriya a kan tebur.

A 1900 Bishop Tugwell ya iso Kano da abokan tafiyarsa, cikinsu har da Likita Mila, wanda ya riga ya koyi Hausa a Tarabulus. Sarkin Kano Alu bai yarda su zauna ba, ya umarce su su fita. Suka koma Girku a ƙasar Zazzau, inda ɗaya daga cikinsu ya rasu. A 1905 Likita Mila ya zauna a birnin Zariya, ya ci gaba da fassara tare da Hausawan da suka taimake shi da ma'aikatan waɗansu mishan. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa bai fito ba sai 1932. Daga ranar da aka sallame su a Kano shekara 32 ke nan. Daga Bisharar Matiyu ta Schon kuwa shekara 75.

Ko a nan aikin bai ƙare ba. Harshe yana tafiya, masu karatu kuma suna nuna wuraren da ba su gane ba. Aka sake zama, aka yi shekaru ana aiki, har sabuwar fassara ta fito a 1979. Duk wanda ya buɗe Littafinsa da safe domin addu'ar iyali, yana riƙe da gumin mutane masu yawa ne, waɗansunsu ma ba su rayu sun ga ƙarshen aikin ba.

Makaranta ta buɗe, littafi bai iso ba

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, ba a ba mishan izinin aiki a cikin ganuwa ba, shi ya sa tsofaffin majami'un Kano suke Sabon Gari. Makarantar boko ta farko ta gwamnati kuwa a Nasarawa aka buɗe ta, a bayan ganuwa, a 1909. Wanda ya buɗe ta shi ne Hanns Vischer, wanda Kanawa suka raɗa wa suna Ɗan Hausa. Da fari aikin mishan ne ya kawo shi ƙasar nan, daga baya ya koma aikin gwamnati. Gidansa yana nan har yanzu, ana kiransa Gidan Ɗan Hausa.

Ɗan Hausa ya sami almajirai, malamai daga cikin birni da 'ya'yan sarakuna, amma littattafan koyarwa na Hausar boko kaɗan ne ƙwarai. Ya kuma tarar da wata matsala wadda ta riga rubuta littafi. Ba a daidaita yadda za a rubuta harshen ba. Wannan ya rubuta kalma haka, wancan ya rubuta ta dabam. Sai da ya tsaya ya tsara ƙa'idodin rubutun Hausa, aka buga su a 1912. Duk da haka maganar ɓ da ɗ da ƙ ba ta kwanta ba. Waɗansu suna sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, waɗansu suna sa alama a gefensa, har zuwa shekarun 1930 da aka tsaya a kan haruffa masu lanƙwasa da muke amfani da su yau.

Wannan ya shafe mu. Kwamitin da zai rubuta darussa, in bai zauna tun farko ya yarda a kan rubutu da kalmomi ba, zai biya bashin a ƙarshe. Wane juyi na Littafi Mai Tsarki za a bi, na 1932 ko na 1979? Yaya za a rubuta sunayen annabawa da garuruwa? Ikkilisiya za a rubuta ko ekklesiya? Zaman yini ɗaya a kan waɗannan tun farko ya fi gyaran mako uku bayan an gama.

Kalma 10 a rana

G. P. Bargery shi ma da aikin mishan ya zo, kāna ya shiga aikin ilimi na gwamnati. Wajen 1921 aka ɗora masa aikin ƙamus na Hausa. Ya ɗauki Hausar Kano ta zama ma'auni, yana kuma nuna yadda Sakkwatawa da Katsinawa da Zazzagawa da sauransu suke faɗi in sun bambanta. Kowace kalma sai ya nuna tsawon wasalinta da hawa da saukar muryarta, ya kawo ma'anoninta da misalai. Ƙamus ɗin ya fito a 1934, da kalmomi fiye da 39,000, a shafi fiye da 1,200.

Bari mu yi ɗan lissafi. In an raba 39,000 gida 13, kowace shekara ta sami kalma 3,000. In mutum yana aiki kwana 300 a shekara, kalma 10 ke nan a rana. Wani zai ce, kalma 10 kawai? Yaro ɗan aji uku ai zai rubuta kalma 10 kafin a gama dama kunu. Gaskiya ne. Amma rubuta kalma dabam, tabbatar da ita dabam. Sai an tambayi dattijo, a tambayi mahauci da masaƙi da maƙeri, a ji ko ma'anar da aka samu jiya ita ce ta gaskiya, a rubuta, a tsara, a bi shafin da maɗaba'a ta aiko a cire kurakurai. Saboda wannan haƙuri ne har yau masana Hausa ba su daina buɗe ƙamus ɗin nan ba.

A 1953, yana da shekara 77, Bargery ya komo Kano domin aikin sabuwar fassarar Littafi Mai Tsarki, ya zauna har 1957. Mutumin da ya san kalmomin Hausa haka bai ce zai gama daga kujerarsa a Ingila ba. Ya san sai an zauna kusa da masu harshen ana gwada kowace jimla a kunnensu.

Wanda ya yi sauri, da dalilin saurinsa

Kada mai karatu ya ce to, ashe kowane littafi sai ya ci shekaru. A'a. A 1936 aka ɗauko Malam Abubakar Imam daga aikin koyarwa a Katsina aka kai shi Zariya wurin Hukumar Talifi. Cikin wata shida ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, aka fara bugawa a 1937. Yaran makaranta sun yi ta karanta shi tsara bayan tsara.

Amma mu lura da abin da ya sa ya yiwu. An ɗauke masa aikin aji, ba shi da wani aiki sai rubutu. Shugaban hukumar, Rupert East, ya tara masa littattafan labaru na ƙasashe dabam dabam, yana kuma duba abin da ya rubuta. Akwai ƙa'idar rubutu, akwai ƙamus, akwai masu shirya bugu. Shi kansa ba sabon hannu ba ne, gama ya riga ya rubuta Ruwan Bagaja domin gasar 1933. Wata shidan nan a kan harsashin shekaru suke zaune.

Malamin da muke cewa ya gama mana cikin mako biyu fa? Da rana yana wurin aikinsa ko gonarsa. Da yamma ga taron addu'a, ga gaisuwar marar lafiya, ga iyali. Ba mai duba masa, ba mai buga masa. In muka auna shi da ma'aunin Imam ba mu ba shi abin da aka ba Imam ba, mun zalunce shi.

Ba mu kaɗai ba ne

Wannan cuta ta raina aiki ba ta ƙasarmu kaɗai ba ce. Wani masanin halin ɗan Adam, Daniel Kahneman, wanda ya sami lambar Nobel a 2002, ya ba da labarin abin da ya same shi a Isra'ila a shekarun 1970. Shi da waɗansu ƙwararru suna shirya littafin koyarwa domin makarantun sakandare. Bayan sun yi kamar shekara guda, sun tsara jerin darussa sun rubuta babi kaɗan, sai ya ce kowa ya rubuta a takarda yaushe yake tsammani za su gama. Amsoshin duka suka faɗi wajen shekara biyu. Sai ya tambayi ɗaya daga cikinsu, wanda ya san aikin tsara manhaja, yaya waɗansu ƙungiyoyi irin tasu suka ƙare. Mutumin ya yi tunani, ya ce wajen kashi 40 cikin 100 ba su gama ba sam, waɗanda suka gama kuwa sun ɗauki shekara 7 zuwa 10. Suka ji, amma suka ci gaba kamar ba su ji ba. Littafin ya ci shekara 8, sa'ad da ya fito kuma sha'awar ma'aikatar ilimi ta riga ta huce, ba a yi amfani da shi ba.

Kuskurensu shi ne sun auna sauran aikin da babin farko masu sauƙi, lokacin da kowa yake da zafi. Ba su sa ciwo da tafiya da saɓani da canjin ma'aikata a lissafi ba. Maganin kuwa shi ne a tambayi waɗanda suka riga suka yi irin aikin, a gaskata amsarsu ko da ba ta yi daɗi ba.

A Amurka ma wani kamfani mai suna Chapman Alliance ya bincika ma'aikatu fiye da 200 a 2010. Ya tarar cewa domin a shirya darasin awa 1 wanda malami zai koyar a aji, da littafin malami da na ɗalibi da sauran kaya, akan kashe wajen awa 43. In darasin na kwamfuta ne mai sauƙi, wajen awa 79. In kuwa mai tambaya da amsa ne da hotuna masu motsi, wajen awa 184. Ba mu ce darasin makarantar Lahadi zai ci haka daidai ba. Amma matasanmu masu cewa a mayar da darussa cikin wayar hannu, su sani aikin ƙaruwa zai yi.

Yadda za a yi lissafin

To, yaya kwamiti zai auna? Ga hanya mai sauƙi.

Da fari a bayyana abin da ake so sarai. Domin wa? Yara ko manya? Sun iya karatu sosai ko yanzu suke koyo? Darasi nawa, shafi nawa, da zane ko babu? Aikin da ba a san girmansa ba, ba a iya yanka masa rana.

Na biyu, a rubuta matakan aikin duka a takarda, kada a bar ko ɗaya.

Na uku, a shirya darasi guda daga farko har ƙarshe, ana duban agogo. Kada a zaɓi wanda ya fi sauƙi. Abin da agogo ya nuna shi ne ma'auni, ba abin da zuciya take fata ba.

Ga misali, a ce ana son ɗan littafi na wata uku, watau darasi 13. A ce gwajin ya nuna haka ga darasi ɗaya: nazarin Nassi da addu'a, awa 3, rubutun farko, awa 3, gwadawa a gaban yara na gaske, awa 1, gyara bayan gwaji, awa 2, dubawar fasto ko wani dattijo, awa 1, bugawa a kwamfuta da tsara shafi, awa 1, karantawa sau biyu domin cire kurakurai, awa 1. Jimla awa 12. Sau 13 ya zama awa 156. Sai a ƙara ayyukan da suka shafi littafin gaba ɗaya, kamar tsara jerin darussa, taron kwamiti, zane, bango, da zirga-zirga wurin maɗaba'a, a ce awa 24. Ya zama awa 180.

Na huɗu, a tambayi marubucin tsakani da Allah awa nawa yake iya bayarwa a mako. In awa 6 ne, 180 ya zama mako 30.

Na biyar, a ƙara sulusi domin abin da ba a sani ba: zazzaɓi, rasuwa, ɗaukewar wuta, baƙi, darasin da aka gwada ya ƙi shiga sai an sake shi. Awa 180 ta zama 240, watau mako 40, wajen wata tara. Littafin da aka ce mako biyu ya isa ke nan.

Na shida, a ɗora lissafin a kan kalanda. Watannin shuka da girbi ba kamar na rani ba ne ga manomi. Makon Kirsimeti da na Ista ba wanda zai zauna rubutu. Maɗaba'a kuma tana da nata layi, balle gab da komawar makarantu ko lokacin zaɓe.

In kwamiti ya ga wata tara ya yi nisa, akwai hanya uku ta gaskiya. A rage darussan, ko a ɗauke wa marubucin waɗansu ayyuka, ko a ƙara hannu. Sai dai a tuna mutum uku ba za su gama cikin sulusin lokacin ba, domin dole su riƙa zama suna daidaita abin da suka rubuta ya zama murya ɗaya. Hanyar da ba ta da kyau ita ce a tsallake gwaji da dubawa. Nan ne mutane suka fi yankewa in lokaci ya ƙure, nan ne kuwa littafi yake samun ingancinsa. Kalmar da babba yake gani mai sauƙi ce, sai an karanta wa yaro ɗan shekara takwas za a san ko ta shiga. Kuskure ɗaya a lambar aya kuma, in an buga kofi 500, ya zama kuskure 500.

Abin da Nassi ya koya mana

Ganuwar Kano da muka yi ta ambata, tarihin birnin ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta wajen shekara 900 da suka wuce, ɗansa ya ƙarasa, sarakunan baya irin su Muhammadu Rumfa suka faɗaɗa. Littafi Mai Tsarki ma yana da labarin ganuwa. Nehemiya ya gyara ta Urushalima cikin kwana 52. Amma mu karanta sura ta 1 da ta 2 mu ga abin da ya riga kwanakin nan. Ya yi azumi da addu'a. Da sarki ya tambaye shi tsawon tafiyarsa, yana da amsa a shirye. Ya roƙi wasiƙu domin hanya, da katako domin ƙofofi. Da ya isa, ya fita da dare ya zaga ya duba ɓarnar da idonsa kafin ya yi wa kowa magana. A sura ta 3 kuma ya raba aikin, kowane gida da nasa sashi. Saurin ginin daga kyawun shirin ya fito.

Luka ma a farkon Bishararsa ya gaya wa Tiyofilus cewa sai da ya bi diddigin kome tun daga tushe kafin ya rubuta masa a jere. Ubangijinmu Yesu kuma, a Luka 14:28-30, ya kawo misalin mai son gina hasumiya wanda ya kamata ya ƙidaya abin da ginin zai ci tun bai sa harsashi ba, domin kada ya tsaya a rabi ya zama abin dariya. A kan bin sa yake magana, amma misalin ya nuna lissafi ba rashin bangaskiya ba ne. Yakubu 4:13-15 kuwa ya tuna mana mu sa nufin Ubangiji a kan kowane shiri, gama gobe ba a hannunmu take ba. Mai bi yakan yi lissafi da hankalinsa duka, sa'an nan ya miƙa lissafin ga Allah.

Ga ikkilisiya, ga iyali

Ya ku dattawan ikkilisiya, in kuna bukatar darussa a watan Janairu, ku ba da aikin tun watan Afrilu na shekarar da ta gabace shi. Ku sa kuɗin takarda da tawada da na mota a cikin kasafi. Ku tuna 1 Timoti 5:18 ta ce ma'aikaci ya cancanci a biya shi. In ba kuɗi, ku ɗauke masa wani nauyi, ko matasa su taya shi noma.

Kai kuma malam, in an ba ka aiki, kada kunya ta sa ka amsa ranar da ka san ba za ta yiwu ba. Ka ce, "Ku ba ni mako biyu in gwada darasi ɗaya, sa'an nan in faɗa muku ranar gamawa." Wannan ladabi ne, gaskiya ce kuma. Ka riƙa rubuta awoyin da ka yi a bayan littafinka, domin wanda zai gaje ka ya sami ma'auni.

Uwargida da maigida, in ɗayanku ne aka ɗora wa aikin, ku zauna ku yarda a kan lokacin da za a keɓe masa, domin kada hidimar ikkilisiya ta cinye lokacin 'ya'ya. Ku kuma koya wa yara su riƙe littafi da daraja, kada su yage shi, kada su bar shi a ruwa. Ku gaya musu shekarun da aka yi kafin su sami Maganar Allah da harshensu.

A addu'ar iyali ta wannan wata, bari mu gode wa Allah saboda waɗanda suka yi mana wannan wahala, waɗanda muka san sunansu da Hausawa masu yawa da suka zauna tare da su suna gyara musu magana. Mu kuma roƙa wa masu fassara da masu rubuta darussa na yau haƙuri da lafiya da hikima, domin har yanzu akwai harsuna da yawa a ƙasarmu da suke jiran littafinsu na fari.